Kyuba bayan 'yan gidan Castro: wa ke riƙe da akala?

Tambaya: Malam, Fidel Castro ya rasu, ƙanensa Raúl ya sauka, yanzu wani daban ke shugabancin Kyuba. Shin wannan zai sa ƙasar ta bar tsarin gurguzu, Amurka kuma ta janye takunkumin da ta ƙaƙaba mata? Ko kuwa canza wa tuwo suna kawai aka yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta ɗauka cewa a Kyuba wanda ke kan kujerar shugaban ƙasa shi ke da wuƙa da nama. Daga nan ya kamata mu fara gyara. Miƙa mulkin da kake magana a kai an yi shi an gama, ba a harba bindiga ko sau ɗaya ba, kuma waɗanda suka tsara shi sun tsara shi ne don kada komai ya motsa. Idan sauyi na tafe, ni dai ban ga alamar ta ƙofar fadar shugaban ƙasa zai shigo ba.

Dubi yadda aka yi abin. Shekara 15 aka kwashe ana yinsa. Ranar 31 ga Yulin 2006 Fidel, yana jinya bayan aikin hanji, ya ba Raúl riƙon ƙwarya. A Miami, birnin da ke jihar Florida ta Amurka, 'yan Kyuba mazauna can suka cika tituna suna murna, sun ɗauka ta ƙare. A Havana kuwa washegari kowa ya tafi wurin aikinsa. A Fabrairun 2008 Raúl ya zama cikakken shugaba, amma shugabancin Jam'iyyar Kwaminis bai zo hannunsa ba sai 2011. Lokacin da Fidel ya rasu ranar 25 ga Nuwamban 2016 yana da shekara 90, ya shekara 10 ba ya mulki, saboda haka aka yi makoki, gwamnati ko gezau ba ta yi ba. Sai Raúl ya maimaita abin da ya koya. A Afrilun 2018 ya ba Miguel Díaz-Canel shugabancin ƙasa, shi ya riƙe jam'iyya. Sai a Afrilun 2021 ya saki jam'iyyar. A kowane mataki ana sassauta igiya kaɗan, a tsaya a ga ko akuyar za ta shiga gonar mutane.

Shi Díaz-Canel an haife shi a 1960, wato bayan juyin juya halin 1959 da ya kawo Fidel kan mulki. Injiniyan lantarki ne da ya hau tsanin jam'iyya taki-taki: shugaban jam'iyya a lardin Villa Clara, sannan a Holguín, ministan ilimi mai zurfi a 2009, mataimakin shugaban ƙasa na ɗaya a 2013. Amma idan kana son sanin dalilin da ya sa shi ya kai, nemi labarin waɗanda ba su kai ba. Akwai Carlos Aldana, mai kula da aƙidar jam'iyya, da aka kora a 1992. Akwai Roberto Robaina, matashin ministan harkokin waje, da aka sauke a 1999. Akwai Carlos Lage, wanda ya riƙe tattalin arziki a shekarun wahala, da Felipe Pérez Roque, wani ministan harkokin wajen, da aka sallame su tare a Maris na 2009, har Fidel ya rubuta cewa zumar mulki ce ta ruɗe su. Kowanne daga cikinsu an taɓa nuna shi ana cewa ga magaji. Ranar da aka rantsar da Díaz-Canel, Raúl da bakinsa ya ce cikin matasan da suka yi ta shiryawa shi kaɗai ya rage. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutumin da ya shekara 30 yana kallon yadda ake yi da masu ɗaga kai ba zai hau kujera ya fara rushe gidan ba. A jawabinsa na farko ya ce manyan shawarwari Raúl zai ci gaba da jagorantarsu, taken da ya ɗaukar wa kansa kuma shi ne cewa su ci gaban na baya ne. Majalisa ta zaɓe shi da ƙuri'a 603 cikin 604, ba shi da abokin takara.

To ikon yana ina? Wuri biyu. Na farko jam'iyya. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 2019 ya ce Jam'iyyar Kwaminis ita kaɗai ce, kuma ita ce ja-gaban al'umma da gwamnati. Wannan kundi ya rarraba kujerun da Fidel ya haɗe a hannunsa: ga shugaban ƙasa, ga firaminista, Manuel Marrero, wanda ya daɗe yana ministan yawon buɗe ido, ga shugaban majalisa, Esteban Lazo, wanda aka ƙara wa shugabancin majalisar ƙoli ta ƙasa da Fidel ya riƙe a da. An kuma ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar. A ido wannan gyara ne. A aikace yana nufin ba za a sake samun mutum ɗaya da zai iya juya ƙasar shi kaɗai ba, ko zuwa alheri ko zuwa sharri. Zaɓen 'yan majalisa na 2023 ya isa misali: kujeru 470, 'yan takara 470.

Wuri na biyu shi ne soja, kuma nan ne mutanenmu ba su cika dubawa ba. Raúl ya riƙe ma'aikatar tsaro daga 1959 zuwa 2008, kusan shekara 49. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe kuɗi suka yanke, sai sojoji suka shiga kasuwanci don su ciyar da kansu. Abin da aka fara don neman na abinci ya girma ya zama rukunin kamfanonin da ake kira GAESA: otal-otal na Gaviota, kantunan da ke sayar da kaya da kuɗin waje, gidajen mai, tashar jiragen ruwa ta Mariel, hanyoyin da 'yan ƙasar waje ke aiko wa dangi kuɗi. Kaso mai yawa na dalar da ke shigowa Kyuba, ta nan yake bi. Janar Luis Alberto Rodríguez López-Calleja, tsohon mijin 'yar Raúl, shi ya jagoranci rukunin har rasuwarsa a Yulin 2022. Ba a baje wa jama'a lissafin kuɗin wannan rukuni. Sakamakon kuwa ana ganinsa da ido. A unguwar Vedado ta Havana an tayar da otal mai hawa fiye da 40 a daidai lokacin da masu yawon buɗe ido suka ragu daga miliyan 4.7 a 2018 zuwa kimanin miliyan 2.2 a 2024. Alƙaluman gwamnati da kanta sun nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na jarin ƙasa yana tafiya ɓangaren otal da gine-ginen kasuwanci, noma kuwa 'yan kaso kaɗan yake samu. A ganina duk shugaban da bai iya buɗe littafin GAESA ba, shugaban rabin ƙasa ne.

Yanzu batun takunkumi. Mu 'yan Afirka muna da dalilin jin Kyuba a rai. Sojojinta sun yi yaƙi a Angola daga 1975 zuwa 1991, Nelson Mandela ya je Havana a 1991 ya yi godiya, ɗaruruwan yaran Ghana sun yi karatu a can a shekarun 1980, likitocinta sun je Saliyo lokacin Ebola a 2014. Wannan ƙauna tana sa wasunmu su ce duk wahalar Kyuba takunkumi ne ya jawo ta. Wasu kuma, don su nuna sun waye, sai su ce takunkumin ba komai ba ne, fakewa kawai ake da shi. Duka biyun sun yi kuskure.

Takunkumin gaskiya ne, kuma yana cizo. Shugaban Amurka Eisenhower ya fara shi a 1960, magajinsa Kennedy ya cika shi a Fabrairun 1962. Wata takardar cikin gida ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta Afrilun 1960, wadda wani jami'inta, Lester Mallory, ya rubuta, ta faɗi manufar ƙarara: a hana Kyuba kuɗi da kaya har yunwa da ƙunci su sa mutane su kifar da gwamnati. Dokar Torricelli ta 1992 ta hana jirgin ruwan da ya sauke kaya a Kyuba shiga tashar Amurka har kwana 180. Bankunan duniya suna tsoron taɓa kuɗin Kyuba, musamman tun da aka ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 a 2014 saboda hulɗa da Sudan da Iran da Kyuba. Saka ƙasar cikin jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci ya ƙara tsoron. Obama ya cire ta a 2015, Trump ya mayar da ita a Janairun 2021, Biden ya cire ta a kwanakinsa na ƙarshe a Janairun 2025, Trump ya sake mayar da ita ranar da aka rantsar da shi. Babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tun 1992 yake kaɗa ƙuri'ar neman a ɗage takunkumin. A 2024 ƙasashe 187 suka goyi baya, Amurka da Isra'ila suka ƙi. Ba ta sauya zani ba.

Abin da ya shafi tambayarka kai tsaye shi ne dokar Helms-Burton ta 1996. Kafin ta, shugaban Amurka na iya ɗage takunkumin da alƙalaminsa. Bayan ta, sai majalisar dokoki, kuma da sharuɗɗa. Dokar ta ambaci sunan Fidel da Raúl, ta ce gwamnatin da za a amince da ita dole babu su a ciki, amma ba ta tsaya nan ba. Ta nemi a saki fursunonin siyasa, a halasta jam'iyyu, a rushe hukumar tsaron cikin gida, a shirya zaɓe, sannan ga batun kadarorin Amurkawa da aka ƙwace bayan 1959. Wato saukar 'yan gidan Castro ta cika sharaɗi ɗaya ne kawai, sauran kuwa suna nufin jam'iyya ta tona kabarinta da hannunta. Wa zai yi haka? Ƙara da cewa jihar Florida na da nauyi a siyasar Amurka, kuma Marco Rubio, ɗan 'yan ci-ranin Kyuba wanda ya gina sunansa kan adawa da Havana, shi ya zama sakataren harkokin waje a 2025.

Amma takunkumi bai hana shuka rogo ba. Kyuba na ciniki da Sin, da Spaniya, da Kanada, da Rasha, da Meziko. Tun 2000 ma doka ta ba ta damar sayen abinci daga Amurka da kuɗi hannu, kajin da ake ci a Havana da yawansu daga can suke. Ƙasar da a ƙarshen shekarun 1980 take samar da kusan tan miliyan 8 na sukari, tun 2022 ba ta kai rabin miliyan ba, har tana sayowa daga waje. Mafi yawan abincinta shigo da shi take yi, alhali filaye na kwance wata ƙaya da ake kira marabú ta cinye su. Dalili kuwa ba ya ɓuya: manomi na miƙa kaso mai yawa na amfaninsa ga hukumar saye ta gwamnati a farashin da gwamnati ta yanka, biyan ma sai ya yi jira, taki da man tarakta kuma sai ta hannun hukuma. Ba Washington ce ta rubuta wannan tsari ba.

Wanda ya ga abin da ya faru a Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ɗan ɗanɗana yadda takunkumi ke aiki. An rufe iyaka, an yanke wuta, talaka a Maraɗi da Katsina ya sha wahala, masu mulki kuwa suka sami abin nunawa suna cewa ga maƙiyi can. Wata bakwai aka yi ECOWAS ta janye. Ka auna irin wannan na shekara fiye da 60. A Kyuba duk wanda ya soki gwamnati ana iya cewa yaron Amurka ne, kuma tunda Amurka da gaske tana kashe kuɗi kan shirye-shiryen neman sauya gwamnatin, zargin na samun wurin zama.

An taɓa samun dama, sai a dubi yadda aka yi da ita. Raúl ya fi yayansa sanin lissafi. Ya bar mutane su mallaki wayar salula a 2008, ya raba wa manoma filaye aro, ya faɗaɗa sana'ar kai-da-kai a 2010, ya halasta sayar da gida da mota a 2011, ya soke takardar izinin fita ƙasa a 2013. Yakan ce ba gaggawa, amma ba tsayawa. A Disamban 2014 shi da Obama suka sanar da sulhu bayan tattaunawar sirri da ɗansa Alejandro Castro Espín ya shiga, aka buɗe ofisoshin jakadanci a 2015, Obama ya je Havana a Maris na 2016. Kuɗi suka fara zagayawa a hannun masu gidajen abinci da masu ba da hayar ɗaki. Nan fa 'yan mazan jiya suka tsorata. Fidel ya rubuta martani mai zafi kan ziyarar, babban taron jam'iyya na wata guda bayan nan ya taka birki, a 2017 aka dakatar da ba da sababbin lasisi ga sana'o'i da dama. Kafin Trump ya rufe ƙofar daga waje, sun riga sun fara tura ta daga ciki.

Shi ya sa nake yawan kawo misalin Biyetnam. Ita ma ƙasar gurguzu ce mai jam'iyya ɗaya, ita ma ta taɓa zama ƙarƙashin takunkumin Amurka, ga kuma yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka a tsakaninsu. A 1986 shugabanninta suka fara gyaran da suka kira Doi Moi, suka sakar wa manomi mara, cikin shekara uku ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci ta koma fitar da shinkafa. Sai a 1994 Clinton ya ɗage takunkumi, bayan 'yan kasuwar Amurka sun ga ana cin kasuwa ba da su ba. Gyara ne ya riga ɗage takunkumi. Shugabannin Kyuba sun san wannan labari sarai, suna zuwa Hanoi, babban birnin Biyetnam, suna dawowa. Abin da ke hana su shi ne kilomita 150 kacal ke tsakaninsu da Florida, inda 'yan ƙasarsu masu kuɗi ke zaune. Suna tsoron idan aka buɗe kasuwa da gaske, jarin Miami zai saye ƙasar, kuma mai kuɗi ba ya daɗewa bai nemi bakin magana ba. Sun kuma ga abin da ya sami Gorbachev, shugaban da ya kawo gyara Tarayyar Sobiyet ta rushe a hannunsa.

Ana wannan jan ƙafa, ƙasa tana sauyawa da kanta. A Janairun 2021 gwamnati ta haɗe nau'in kuɗi biyu da ake kashewa a ƙasar suka zama ɗaya, ta ƙara albashi, a tsakiyar annobar korona, ba kaya a kanti. Farashi ya yi tashin gwauron zabi. Dalar da hukuma ta sa peso 24 na kuɗin ƙasar ta haura 300 a kasuwar bayan fage a 2024. A shekarar, kiret ɗin ƙwai ya fi ƙaramin fansho na wata guda tsada. Akwai wani ɗan littafin rabon abinci da kowane gida ke da shi tun 1962, suna ce masa libreta. Da shi ake zuwa kantin unguwa a karɓi shinkafa da sukari da wake da burodi ɗaya kullum ga kowane mutum. Yanzu kayan kan makara da makonni, burodin ma an rage shi daga giram 80 zuwa 60 a 2024, gwamnati kuma a karon farko ta nemi hukumar abinci ta duniya ta taimaka mata da madarar yara. Idan ka isa layi a Havana ba ka shiga bayan kowa, tambaya kake yi: wa ke ƙarshe? Wani ya ɗaga hannu, ka riƙe fuskarsa, ka nemi inuwa ka zauna. Mutum kan riƙe layi uku haka a rana ɗaya. Ranar 18 ga Oktoban 2024 tashar lantarki ta Antonio Guiteras da ke Matanzas ta tsaya, ƙasar gaba ɗaya ta faɗa duhu na kwanaki, naman da aka yi wahalar samu ya ruɓe a firji, mata suka koma girki da gawayi a bakin titi. Mu da muka saba da ɗauke wuta za mu ce ai ba sabon abu ba ne, amma ka tuna waɗannan mutane an yi musu alkawarin cewa sun ba da 'yancin siyasa ne don a ba su wuta da magani da makaranta. Yanzu alkawarin ne ya karye.

Tura ta kai bango ranar 11 ga Yulin 2021. Zanga-zanga ta tashi daga garin San Antonio de los Baños ta bazu cikin sa'o'i, saboda tun Disamban 2018 intanet ta shiga wayoyin mutane. Ba a ga irinta ba tun 1959. Díaz-Canel ya fito a talabijin ya ce an ba da umarnin fafatawa, ya kira magoya baya su fito titi. Aka kama ɗaruruwa, wasu aka yanke musu shekaru fiye da 10. Lokacin da aka yi boren bakin teku a Havana a Agustan 1994, Fidel da kansa ya taka zuwa wurin, taron ya lafa. Díaz-Canel ma ya taka zuwa San Antonio de los Baños, amma ba shi da wannan kwarjini, sai ya aika 'yan sanda. Wata huɗu bayan zanga-zangar 2021 Nikaragwa ta soke biza ga 'yan Kyuba, sai hanya ta buɗe. A shekarar kuɗi ta 2022 kaɗai sama da 200,000 suka isa iyakar Amurka, fiye da waɗanda suka fita da jiragen ruwa ta tashar Mariel a babban ƙauran 1980. Ƙasar da ke da mutum miliyan 11 da ɗoriya yanzu hukumar ƙididdigarta ta ce ba su kai miliyan 10 ba. Waɗanda suka tafi su ne matasa, su ne masu fushi, su ne da sun zauna za su sake fitowa titi. Gwamnati ta huta da su, kuma kuɗin da suke aikowa ke riƙe da iyayensu.

Wani sauyin kuma shi ne na 'yan kasuwa. A 2021 aka halasta ƙananan kamfanoni masu zaman kansu da ke iya ɗaukar ma'aikata har 100, karo na farko tun 1968 da aka ƙwace hatta shagunan aski. Dubbai aka yi wa rajista. Su ke shigo da kaji da mai da sabulu a kwantena, su sayar da tsadar da mai albashin gwamnati ba ya iya saye. Yau a yaba musu, gobe a ƙayyade musu farashi a ce su ne suka jawo tsada. Ministan tattalin arzikin da ya jagoranci haɗe kuɗi da wannan buɗi, Alejandro Gil, an sauke shi a Fabrairun 2024 aka fara bincikensa kan cin hanci. Ka ƙara sunansa cikin jerin da na kawo maka ɗazu.

Saura me za ka sa wa ido? Raúl, haifaffen 1931, ya haura shekara 90, kuma har yanzu shi ne mai raba gardama tsakanin jam'iyya da soja da masu riƙe da dala. Ba a ga ranar da babu shi ba tukuna, kuma wannan ce jarrabawar gaske, ba ta 2018 ba. Idan ya kau, abin da na fi zato shi ne manyan hafsoshi da manajojin GAESA su ƙara fitowa fili, a buɗe kasuwa gwargwadon yadda su za su ci moriyarta, siyasa kuma ta ci gaba da zama a kulle. Wa'adin Díaz-Canel na biyu zai ƙare a 2028, kundin tsarin mulki bai ba shi na uku ba. Kundin 2019 ya ce wanda zai hau kujerar a karon farko kada ya wuce shekara 60, dokar da Raúl ya kawo don a dole tsofaffi su ba matasa wuri. A Yulin 2025 majalisa ta soke wannan iyaka, kuma shugabanta ya ce shawarar daga Raúl ta fito. Da tsohuwar dokar, Marrero, haifaffen 1963, ba zai cancanta ba a 2028, haka ma yawancin janar-janar. Yanzu duk sun cancanta.